Kiɗa Ɗan Haya Ne a Mashaya: Abin da Daren New Orleans Yake Koya Mana



Duk mai duba hotunan tafiye-tafiye a Instagram ko TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da daren birnin New Orleans na ƙasar Amurka ba. Ga tsofaffin benaye masu barandar ƙarfe, ga fitilu ja da shuɗi, ga wani dattijo ya lumshe ido yana busa ƙaho, a gefe kuma ga ɗan kofin gilashi yana ƙyalli da ɓawon lemon tsami a bakinsa. Masu tallar yawon buɗe ido sun ɗaure abu biyu da igiya ɗaya suna sayarwa: kiɗan jaz da ake yi a gaban jama'a, da koktel, wato barasar da ake haɗawa da sukari da ƙanƙara da ruwan 'ya'yan itace da kayan ƙamshi. Abin da tallar take nufi shi ne, in kana son ɗaya, dole ka ɗauki ɗayan.

Idan irin wannan hoto ya shigo hirar matasa masu bi, yawanci gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce ai wannan Saduma ce, da kiɗan da giyar duk na Shaiɗan ne. Wasu kuma su ce a'a, wannan wayewa ce da al'ada, mu ne dai ba mu fita duniya ba. A ganinmu, ɓangarorin biyu duka sun karɓi maganar mai talla, domin kowannensu ya ɗauka kiɗan da kwalbar abu guda ne. Mu kuwa muna cewa kiɗan nan ɗan haya ne a mashaya. Talauci da wariyar launin fata ne suka kai shi can, kuma hayar tana da tsada ƙwarai, domin da lafiyar makaɗa da rayukansu ake biyanta. Bari mu duba tarihin birnin mu gani ko haka ne.

Birnin da darensa

Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718, a wata kwana ta kogin Misisipi. Daga baya birnin ya koma hannun Sifaniyawa, sannan Amurka ta saye shi tare da yankin Luwiziyana a 1803. Tsohuwar unguwar da ake kira French Quarter, wato Unguwar Faransawa, ita ce zuciyar garin. A 1788, ranar Jumma'ar da ake tunawa da gicciyen Yesu, gobara ta cinye yawancinta, wata kuma ta sake tashi a 1794. Shi ya sa galibin tsofaffin gine-ginen da ake ɗauka hoto a yau, bayan waɗannan gobarar aka yi su. A tsakiyar unguwar, a gaban dandalin Jackson, akwai babbar majami'ar Katolika ta St. Louis. Daga ƙofarta zuwa Titin Bourbon, inda gidajen giya suka yi layi, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa.

Dokar birnin ta sakar wa dare mara fiye da yawancin biranen Amurka. Babu sa'ar da doka ta ce dole mashaya ta rufe, har akwai waɗanda ba sa rufewa dare da rana. An kuma yarda mutum ya fito titi da giyarsa a hannu, muddin a kofin roba take. Mutanen garin suna alfahari da haɗe-haɗen da suka ƙirƙiro. Mafi shahara shi ne Sazerac, wanda majalisar dokokin jihar Luwiziyana ta ayyana a 2008 a matsayin koktel na birnin a hukumance. Ana yinsa da wuski da ɗan sukari da wani ruwa mai ɗaci, wanda wani mai haɗa magunguna, Antoine Peychaud, ya riƙa sayarwa a matsayin magani a shagonsa na Titin Royal a shekarun 1830. A otal ɗin Monteleone akwai mashayar da take juyawa a hankali da masu sha a kanta, kamar lilon yara, tun 1949. Akwai wani sanannen haɗi da sunansa yake nufin guguwa, wani kuma sunansa gurneti. Masu sayarwa ne da kansu suka raɗa waɗannan sunaye, ba wani fasto ba.

Game da kiɗa kuwa, Titin Bourbon a yau hayaniya ta fi yawa a cikinsa. Masu neman jaz na ainihi sukan gangara zuwa Titin Frenchmen, can gefen tsohuwar unguwar, inda ƙananan gidajen kiɗa suke manne da juna, kowanne da ƙungiyar makaɗansa kowane dare. Duk wanda ya taɓa riƙe jita ko sandar ganga a ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya, in ya saurari waɗannan mutane zai san baiwa ce yake ji, baiwa kuma mun san daga wurin wa take fitowa.

Daga ina kiɗan ya fito?

Kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, New Orleans ce kasuwar bayi mafi girma a ƙasar. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta shafe shekaru tana tattara tsofaffin takardun ciniki da na rabon gado na Luwiziyana, inda akan rubuta sunan bawa da ƙabilarsa. A ciki ta sami Bambara da Wolof da Fulani da Yarabawa da Ibo da mutanen Kongo, har da waɗanda aka rubuta su a matsayin Hausawa. Saboda haka labarin nan ya shafe mu, akwai mutanen ƙasarmu a cikinsa.

Dokar bayi ta Faransa da aka kafa a Luwiziyana a 1724 ta hana a sa bawa aiki ranar Lahadi. A wannan rana ce bayi suke taruwa a bayan gari su yi ɗan ciniki, su buga ganga, su yi waƙa da rawa irin ta gida. A 1817 hukumar birnin ta taƙaita wannan taro ga fili ɗaya, wanda har yau ake kira Dandalin Kongo. A wasu sassan Amurka doka ta hana bayi riƙe ganga gaba ɗaya, amma a nan gangar ta rayu. Jijiyar farko ke nan ta kiɗan New Orleans: kiɗan ranar hutu na mutanen da sauran kwana shida ba nasu ba ne.

Jijiya ta biyu ita ce majami'a. A unguwar Tremé akwai majami'ar St. Augustine da aka buɗe a 1842, inda baƙaƙen fata 'yantattu suka sayi kujerun zama wa kansu, suka kuma saya wa bayi domin su ma su sami wurin sujada. A ƙananan ikkilisiyoyin Baptis da na masu tsarki kuma, jagora ne yake ba da waƙa jama'a su amsa, ana tafi ana buga ƙafa, yadda iyayenmu mata suke yi a zumuntarsu. Wannan bayarwa da amsawa ita ce ake ji idan ƙaho ya yi magana sauran kayan busa suka amsa masa.

Jijiya ta uku ita ce jana'iza. A zamanin da kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar baƙar fata, mutane sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu kamar adashi. In ɗan ƙungiya ya yi ciwo a biya masa magani, in ya rasu a yi masa jana'iza da 'yan badujala. A kan hanyar zuwa maƙabarta ana busa waƙoƙin sujada a hankali, da nauyin zuciya. Da zarar an rabu da gawa sai kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya, a dawo gari da murna. Har yau ana yin haka. Mu da muka gaskata da tashin matattu, wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Waƙar da ta fi kowace shahara a birnin, When the Saints Go Marching In, asalinta waƙar majami'a ce a kan shigar tsarkaka mulkin sama. Louis Armstrong, ɗan garin da aka haifa a 1901, wanda har Nijeriya ya zo ya yi wasa a 1960, shi ya naɗa ta a faifai da salon jaz a 1938. Yau ita ce baƙin da suka sha suka yi tatul suke roƙon a busa musu da tsakar dare.

Ba muna cewa jaz waƙar coci ce zalla ba. Yana da wasu iyayen, kamar kiɗan buluz na baƙin ciki da kiɗan fareti na soja, kuma a gidajen rawa ya yi wayo. A Titin Perdido akwai wani zaure mai suna Union Sons Hall, inda ake cashewa daren Asabar har asuba, da safiyar Lahadi kuma a share shi a yi sujadar Baptis a ciki. Tun farko kiɗan yana tsaye ne tsakanin ƙofa biyu. Tambayar ita ce, wace ƙofa ce ta buɗe masa ta ba shi abinci?

Kuɗin haya

A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba fari da baƙi a wuraren jama'a, a wata shari'a da ta taso daga New Orleans ɗin kanta, ta wani mai suna Homer Plessy. A irin wannan zamani, baƙar fata mai baiwar kiɗa ba shi da hanyar shiga manyan zaurukan wasa. Ikkilisiya tana son muryarsa, amma ba ta da abin biyansa, sau da yawa ma ba ta ga dalilin biya ba. Ƙofofin da suka rage su ne gidajen rawa da gidajen giya da gidajen karuwai. Daga 1897 zuwa 1917 birnin ya ware unguwa guda, Storyville, domin karuwanci, a nan ne wasu gwanayen fiyano suka sami aikinsu na farko. Ɗaya daga cikinsu, Jelly Roll Morton, yana saurayi ya fara kiɗa a can, da kakarsa mai zuwa coci ta gane inda yake aiki sai ta kore shi daga gida.

Ku dubi Buddy Bolden, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne sarkin jaz na farko. An haife shi a 1877, shi ne kuma yake cika zauren nan na Titin Perdido da ƙahonsa. Yana ɗan shekara 29, a 1907, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na jihar, bayan ciwon ƙwaƙwalwa da yawan shan barasa sun haɗu sun rushe shi. Shekara 24 ya yi a can har ya rasu a 1931. An binne shi a maƙabartar talakawa, a kabarin da ba alama. Babu faifai ko ɗaya da ya rage da za a ji busarsa. Gidajen da suka yi ciniki da sunansa ba su bi shi asibiti ba.

Kada mu ɗauka wannan tsohon labari ne kawai. Mu duba yadda kuɗi yake tafiya a daren yau. A gidajen kiɗa da yawa na birnin ba a biyan kuɗin shiga, abin da ake so shi ne ka sayi abin sha. Makaɗa kuma sau da yawa wani kaso ake ba su daga cinikin giyar daren, sai kuɗin liƙi da ake jefawa a bokiti. Ma'anar wannan ita ce, kuɗin hayar ɗakin mai busa ƙaho da kuɗin makarantar 'ya'yansa sun rataya ne ga yawan abin da jama'a suka sha. In masu sauraro suka zauna tsit suna jin daɗin kiɗa da ruwan sanyi a hannu, mai gida ya yi asara, makaɗi ma ya tafi gida da ɗan abin da bai kai ba. Bugu da ƙari, akan ba makaɗa abin sha kyauta a matsayin wani ɓangare na sallama. Mutumin da yake aiki dare biyar ko shida a mako a wurin da ake miƙa masa kofi kyauta, yana cikin haɗarin da mai zuwa sau ɗaya a shekara bai sani ba. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski.

Mai sauraro ma ba a bar shi haka nan ba. Wani bincike da aka yi a gidajen giya na ƙasar Faransa, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa idan aka ƙara ƙarar kiɗa, mazan da ake lura da su sukan sha da yawa kuma da sauri. In ba ka iya jin maganar na kusa da kai, sai hannu ya koma ga kofi. Shi kuma koktel, gwanintarsa ita ce ɓoye zafin barasa. Sukari da ƙanƙara da ruwan lemo suna sa abin da ya kamata ya ƙona maƙogwaro ya wuce kamar zoɓo, har yarinyar da ba za ta taɓa kai kwalbar giya bakinta ba ta shanye kofi biyu tana cewa ai lemo ne. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ce sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma kyan kofi ba ya rage ƙarfin abin da yake ciki.

Wata 'yar garin da ta ƙi shiga haya

An haifi Mahalia Jackson a New Orleans a 1911, cikin talauci. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, innarta ce ta rene ta da horo mai tsanani a ikkilisiyar Baptis ta Mount Moriah. Duk da haka kunnenta a buɗe yake. Tana jin gangunan ikkilisiyar masu tsarki da ke maƙwabtaka da su, tana jin badujalar jana'iza, tana kuma sauraron faifan mawaƙiyar buluz Bessie Smith a ɓoye. Da ta koma birnin Shikago ta fara waƙa a majami'u da wannan salo na garinsu, wasu shugabannin ikkilisiya suka ƙi ta, suka ce ta shigo da rawar duniya gidan Allah. A ɗaya gefen kuma masu kamfanin faifai da masu gidajen dare suna yi mata tayin kuɗi mai yawa in za ta yi buluz. Ta ƙi. Ta yi wankau, ta yi aikatau, ta buɗe shagon gyaran gashi, ta ci gaba da waƙar bishara har faifanta na 1947 ya karɓu aka sayi miliyoyi.

Abin lura shi ne, ba ta guji makaɗan jaz ba. A 1958 ta naɗi faifai tare da Duke Ellington, a shekarar kuma ta hau dandalin bikin jaz na Newport bayan tsakar dare, Lahadi ta riga ta shiga, ta yi waƙoƙin bishara a gaban dubban mutanen da ba sujada ta kawo su ba. A 1963 ta yi waƙa a babban gangamin birnin Washington inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. A 1970 ta dawo gida ta halarci bikin jaz na farko na New Orleans, wanda aka yi a Dandalin Kongo, filin nan na bayi. Ta riƙe salon garinsu gaba ɗaya, abin da ta ƙi kawai shi ne muryarta ta zama abin jawo ciniki a gidan giya. Ta ja layinta tun tana matalauciya, kafin manyan kuɗi su zo su gwada ta.

Abin da za a iya ce mana

Wani zai ce, ai da ba don gidajen giya ba, da kiɗan nan ya mutu. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata mu kauce mata ba. Su ne suka ba makaɗa aiki a lokacin da sauran ƙofofi suke rufe, har yau kuma dubban mutane, masu haɗa abin sha da masu dafa abinci da masu shara, da wannan dare suke ciyar da iyalansu. Ba mu da ikon raina su. Amma wannan hujja tuhuma ce a kan waɗanda suka ji daɗin baiwar makaɗi ranar Lahadi suka bar shi da yunwa ranar Litinin. Ba ta wanke tsarin da ya ɗaura abincinsa a kan buguwar wasu ba.

Wani kuma zai ce Yesu ya ci abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi, ya kuma mai da ruwa ruwan inabi a bikin Kana. Haka ne. Mun kuma san ikkilisiyoyi ba su da baki ɗaya a kan ko mai bi zai iya kurɓa kaɗan. Da yawa daga cikinmu an rene mu a kan kada a taɓa sam, wasu 'yan'uwa kuma ikkilisiyarsu ba ta hana ba. Amma babu ikkilisiyar da ta yarda da buguwa, titin da ake tallar guguwa da gurneti a manyan kofuna kuwa ba don mai kurɓa kaɗan aka shirya shi ba. Ubangijinmu yakan shiga gida ne mutanen gidan su sāke. Kafin mu fake da misalinsa, kowa ya tambayi kansa da gaskiya: a daren da na shiga irin wannan wuri, wa ya sāke, ni ko su?

Ga masu cewa kiɗan kansa ne ƙazanta kuma, muna roƙo su sake dubawa. Zabura ta 150 ta lissafa ƙaho da kayan kiɗa masu tsirkiya da ganga da kuge a cikin kayan yabo. Waɗanda suka ƙi Mahalia saboda tafi da motsin jiki, jikokinsu suna rera waƙoƙinta a yau. Duk lokacin da ikkilisiya ta kori wani salo don ta gan shi a mashaya, yaron da yake da baiwar salon ne take kora, mashaya kuwa tana nan da ƙofa a buɗe tana jiransa.

A ba kiɗa gidan kansa

New Orleans ɗin kanta ta nuna cewa ana iya kwance igiyar. A 1961, lokacin da tsofaffin makaɗan jaz na gargajiya suka rasa aiki, wasu ma'aurata, Allan da Sandra Jaffe, suka karɓi ragamar wani tsohon ɗaki a Titin St. Peter, 'yan taku kaɗan daga Titin Bourbon, aka kira shi Preservation Hall. Bencin katako ne a ciki, ba a sayar da giya, kuɗin shiga ake biya domin a ji kiɗa, yara ma suna shiga tare da iyayensu. Fiye da shekara 60 ke nan mutane suna yin layi a ƙofarsa. Ashe jama'a za su biya don kiɗa shi kaɗai, in an ba su dama.

Da guguwar Katrina ta afka wa birnin a watan Agusta na 2005, ganuwar tare ruwa ta fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na garin ya nutse. Unguwar Faransawa, da yake a kan tudu take, yawancinta ba ta shiga ruwa ba, gidajen giya suka sake buɗewa da wuri. Unguwannin da makaɗa suke zaune ne suka sha ruwa. Sai ƙungiyar Kirista mai gina gidaje, Habitat for Humanity, ta haɗa hannu da 'yan garin biyu, Harry Connick Jr. da Branford Marsalis, aka gina unguwar gidaje domin makaɗa. Majami'ar St. Anna ta Episkofal kuma ta fara wani shiri na daren Laraba: a yi sujada, a ci abinci tare, sannan makaɗa su yi wasa a biya su. Wannan shi ne irin aikin da muke ganin ya dace da ikkilisiya.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba. A Abuja da Jos da Kaduna akwai wuraren shaƙatawa masu makaɗa da dare, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga masu buga kibod da ganguna a can, a coci suka koya. Akwai ɗan'uwan da yake tashi daga irin wannan wuri ƙarfe 2 na dare, ƙarfe 7 na safe kuma yana kan kibod yana jagorantar yabo. Kafin a yi gulmarsa, a zauna da shi a tambaye shi nawa ne kuɗin hayarsa, wa yake sayen igiyar jita in ta tsinke, nawa yake kashewa zuwa gwajin waƙa sau uku a mako. Nassi ya koya mana cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. Zumuntar matasa tana iya kai wannan magana gaban dattawa cikin ladabi, a roƙa a ware wani abu a kasafin shekara domin makaɗa, ko da kuɗin mota ne da na koyo da na gyaran kaya.

Muna kuma iya shirya daren kiɗa namu, da makaɗan da suka yi shiri sosai, da tikiti wanda kuɗinsa zai shiga hannunsu, da zoɓo da kunun aya mai sanyi, a gayyato abokai ko da ba masu zuwa coci ba ne. Sharaɗin shi ne kiɗan ya yi kyau da gaske. Matashi ba zai bar gwanin kiɗa a waje ya zo ya zauna gaban abin da aka yi da garaje don kawai an sa masa sunan Yesu ba.

Ku kuma 'yan'uwa makaɗa, ku ja layinku tun kafin yunwa ta zo, yadda Mahalia ta yi. Ku yanke shawara da addu'a, tare da wani babba da kuka amince da shi, a kan wuraren da za ku yi wasa da waɗanda ba za ku shiga ba ko nawa aka bayar. In kun karɓi aiki, ku ce a biya ku da kuɗi, kada ku karɓi kofi a matsayin lada. Wanda kuma Allah ya kai shi New Orleans da karatu ko aiki, yana iya jin kiɗan garin har ya ƙoshi ba tare da ya kusanci kanta ba: akwai Preservation Hall, akwai faretin badujala na ranakun Lahadi da rana, akwai rumfar waƙoƙin bishara a bikin jaz na shekara-shekara, akwai kuma sujadar safiyar Lahadi a majami'un garin.

Tsakar daren Talata

Babban bikin birnin shi ne Mardi Gras, wanda a Faransanci yake nufin Talata mai kitse, ranar ƙarshe ta ci da sha kafin azumin kwana 40 da ke gaban Ista. Da ƙarfe 12 na dare ya buga, 'yan sanda a kan dawakai sukan bi Titin Bourbon suna sanar da cewa biki ya ƙare, masu shara na biye da su. Da safe kuma, Larabar Toka, mutane su shiga majami'ar St. Louis a shafa musu toka a goshi, a tuna musu cewa su turɓaya ne. Akwai darasi a cikin wannan, amma ba ma so rayuwarmu ta zama haka, a zubar da kai ranar Talata don an san akwai toka ranar Laraba.

A wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 5, manzo Bulus ya ajiye giya da waƙa kusa da juna. Ya gargaɗi masu bi a kan buguwa, nan take kuma ya tura su ga cika da Ruhu da raira waƙoƙi tare. Ya san abin da yake fitar da mutum daga ɗakinsa da dare: yana so ya sauke nauyin zuciya, yana so ya kasance cikin mutane, yana so ya ji wani abu da ya fi shi girma. Wannan ƙishi ba zunubi ba ne. Bulus bai ce a danne shi ba, ya nuna inda za a kai shi. Aikinmu ne mu tabbata cewa matashin da ya zo zumunta da wannan ƙishi ya tarar da waƙa mai rai da mutanen da suka san sunansa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin baiwar kiɗa, wadda ka ba wa bayi a Dandalin Kongo ka kuma ba wa 'yan'uwanmu da suke mana hidima kowace Lahadi. Ka tuna da makaɗan New Orleans da na garuruwanmu waɗanda suke neman abinci da dare, ka tsare lafiyarsu da hankalinsu. Ka 'yantar da waɗanda barasa ta ɗaure. Ka ba shugabanninmu zuciyar kula da masu yi musu waƙa, mu kuma ka ba mu hikimar sanin inda za mu shiga da inda za mu tsaya a ƙofa. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.